Ɗingishin Injin Mota: Yadda Za Ka Gane Silindar Da Ta Ƙi Aiki

Jama'a manoma da 'yan kasuwa, ga kaka ta kama, lokacin da mota ba ta hutawa. Wannan ya ɗauko buhunan masara daga ƙauye ya nufi Dawanau, wancan yana jigilar gyaɗa da wake, in an jima kaɗan kuma kayan lambu su fito, a shiga ɗora kwandunan tumatir daga Kadawa. Hatsi dai ya iya kwana uku a bakin hanya ba abin da ya same shi. Amma tumatir in mota ta tsaya da shi wuni ɗaya cikin rana, to, sai dai a yi wa mai shi jaje. Sabo da haka a wannan mako za mu bar zancen taki da iri, mu duba wata cuta da ta ke yawan kama motocin da mu ke kai amfanin gona kasuwa da su.

Cutar kuwa ita ce wadda kanikawa su ke kira misin, mu kuwa za mu ce da ita ɗingishin inji. Alamarta ba ta ɓuya. Mota tana tsaye a silo sai ka ji tana karkarwa, sitiyari yana rawa a hannu. In ka taka totur sai ta yi ta shessheƙa, in ta zo hawan tudu da kaya sai ƙarfinta ya mutu. Tana shan mai fiye da yadda ta saba, bakin salansa kuma yana warin ɗanyen fetur. A motocin zamani sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban direba.

Abin da ke faruwa cikin inji

Yawancin ƙananan motoci da akori-kura suna da silinda 4. Ko wace silinda kamar turmi ta ke, fistin kuma shi ne taɓaryar da ke hawa da sauka a cikinta. Aikinta hawa huɗu ne. Da farko ta zuƙo iska da fetur. Na biyu fistin ya matse su. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, ƙarfin wutar ya tunkuɗa fistin ƙasa. Na huɗu a fitad da hayaƙi. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera inji mai wannan tsari a 1876, har yau kuwa a kansa a ke tafiya.

Duk wanda ya taɓa jin mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya ya san yadda inji mai lafiya ya ke. Ko wace tana da lokacin da za ta saki taɓaryarta. In ɗaya ta tsallake bugunta, ko daga bayan danga ka ke kunnenka ya gaya maka. Haka silindodi su ke. A yawancin inji mai silinda 4 ta ɗaya ce ke fara bugu, sa'an nan ta uku, ta huɗu, kāna ta biyu. Sa'ad da inji ke juyi 800 a minti, watau yana silo ke nan, ko wace silinda tana bugu 400. In ɗaya ta ƙi, rubu'in ƙarfin motar ya tafi, sauran ukun kuma su ke jan nauyinta.

Abu uku ne silinda ta ke bukata kafin ta yi bugu: wuta, da mai gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, ɗingishi ya samu. Ka riƙe wannan da kyau, gama duk binciken da za mu yi a kansa ya ke.

Yadda mota ta ke gane kanta

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da a ka riƙa haɗawa a Kaduna, masu kafireta, ba su da bakin faɗar abin da ke damunsu, sai kunnen bakanike. Motocin yanzu kuwa suna da 'yar kwamfuta wadda a ke kira ƙwaƙwalwar mota. Akwai wani faifai mai haƙora a jikin karanshaf, watau sandar da fistoci ke juyawa, da wata sansa a gefensa tana ƙirga haƙoran. Duk sa'ad da silinda ta yi bugu sai juyin ya ɗan ƙara sauri. In lokacin wata silinda ya zo ba a ji ƙarin nan ba, ƙwaƙwalwa ta san ta tsallake, sai ta rubuta. In abin ya yawaita sai ta kunna fitila, ta ajiye lamba.

Wannan tsari sunansa OBD-II. A Amurka an tilasta shi ga ƙananan motoci tun 1996. A Turai an tilasta irinsa ga masu fetur a 2001, ga masu dizal kuwa a 2004. Tun da ya ke yawancin motocin da a ke shigo mana da su na hannu daga can su ke fitowa, mafi yawansu suna da shi. A ƙarƙashin sitiyari za ka ga wani soket mai ramuka 16. A nan a ke cusa na'urar karanta lamba. Akwai manya na gareji, akwai kuma 'yar ƙarama kamar akwatin ashana wadda ta ke aika abin da ta karanta zuwa wayar hannu.

Fitila a tsaye da fitila mai ƙyaftawa

Kafin mu zo ga lamba, ga abin da ya wajaba ko wane direba da yaron mota su sani. In fitilar ta kama ta tsaya cak, mota kuma tana tafiya ba laifi, kana iya lallaɓawa ka isa gari, amma kada ka kwana biyu ba ka duba ba. In kuwa tana ƙyaftawa, tana kamawa tana mutuwa, to, maganar ta girma. Ka sassauta ƙafa, ka nemi wuri ka tsaya.

Ga dalili. Fetur ɗin da silinda ta kāsa ƙonawa yana bin salansa ɗanye. A kan hanyarsa akwai wani tukunyar tace hayaƙi mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda kanikawa su ke yi wa laƙabi da indomi. Can fetur ɗin zai je ya kama da wuta, zafin ya narkad da saƙar ta toshe. Ita kuwa da tsada, gama akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam a cikinta. Ban da wannan, ɗanyen fetur yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi da fistin su shiga cin juna. Ka ga gyaran da fulogi ɗaya zai yi ya koma sauke inji. Rigakafi dai ya fi magani.

Karatun lamba

Lambar tana da harafi ɗaya da alƙalumma huɗu, misali P0302. Harafin P yana nufin laifin a inji ko giya ya ke. Sifirin da ke biye yana nuna lambar ta kowa da kowa ce, ma'anarta ɗaya a Toyota da Honda da Volkswagen. Alƙalamin 3 yana nufin sashen wuta da ɗingishi. Biyun ƙarshe su ne lambar silinda. Watau P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, P0303 ta uku, P0304 ta huɗu, haka har iyakar silindodin motar. P0300 kuwa tana nufin ɗingishin bai tsaya wa silinda ɗaya ba, yana yawo.

A inji mai silinda 4 a jere, ana fara ƙirga daga wajen da bel ya ke, ita ce ta ɗaya. Kada a rikita wannan da jerin bugu da mu ka faɗa ɗazu. Inji mai silinda 6 mai layi biyu kuwa ko wane kamfani da yadda ya ke ƙirga nasa, sai a duba littafin motar.

To, ga inda mutane da yawa su ke asarar kuɗi. Lambar nan ba ta ce maka ga abin da ya lalace ba. Iyakar abin da ta faɗa shi ne ga silindar da ke ɗingishi. Kamar yaro ne ya zo ya ce maka san da ke hannun dama ba ya jan garma. Ya gaya maka ko wane sa ne, amma bai gaya maka ko ƙaya ya taka, ko yunwa ya ke ji, ko karkiya ce ta gurje shi ba. Wannan sai ka je ka duba da kanka. In bakanike ya cusa na'ura, ya ɗaga kai nan take ya ce a sayo koyil huɗu da nozul huɗu, bai kwance ko ƙusa ɗaya ba, to, ba na'ura ce ta gaya masa ba, cinta ya ke yi da kuɗinka.

Tun ba a taɓa kome ba, a rubuta dukan lambobin da su ka fito a takarda. Kada a share su, kada kuma a cire kan batir, gama tare da lambar ƙwaƙwalwa ta kan ajiye bayanin halin da motar ke ciki sa'ad da laifin ya faru: gudun inji, da zafinsa, da nauyin da ya ke ja. Sauran lambobin kuma suna nuna hanya. P0351 zuwa P0354 suna nuni ga koyil ko wayarsa. P0201 zuwa P0204 suna nuni ga wayar nozul. P0171 tana cewa iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan.

In silinda ɗaya ce: dabarar musaya

A ce P0302 ce ta fito. A fara daga abu mai araha. A kashe mota, a bari inji ya huce, a kwance fulogin silinda ta biyu. Tun kafin a zare shi a leƙa ramin. In akwai ruwa, wataƙila an wanke inji ne ko an ƙetare rafi. In baƙin mai ne ya taru, gaskit ɗin murfin inji ke yoyo, shi ke jiƙa robar koyil har wuta ta riƙa zurarewa.

Sa'an nan a dubi bakin fulogin, gama shi ne harshen inji. In ruwan ƙasa-ƙasa ne a bushe, lafiya. In baƙi ne kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In a jiƙe ya ke yana warin fetur, mai yana zuwa amma wuta ba ta zuwa. In baƙin mai ne ya lulluɓe shi, ringi ko robar bawul sun gaji. In ya yi fari fat kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa ba haka su ke ba, a yi zaton ruwan lagireto yana shiga silindar. A duba farin tangaran ɗin ko ya tsage, a kuma auna tazarar bakin. A yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1.

Yanzu sai musaya, ita ce dabarar da ta fi kowace amfani, ba ta kuwa cin ko kwabo. Yawancin motocin yanzu ko wane fulogi da koyil nasa a bisa kansa. A ɗauki koyil na silinda ta biyu a kai shi ta uku, na ta uku a kawo shi ta biyu. A share lamba, a tayar da mota, a ɗan zaga. In lamba ta koma P0303, laifi ya bi koyil, shi za a saya, guda ɗaya tak. In ta tsaya a P0302, koyil ya kuɓuta. Sai a yi wa fulogi haka nan, a kai shi silinda ta ɗaya. In P0301 ta fito, an kama ɓarawo. Mai hanzari ya iya yin duka biyu a tashi ɗaya, koyil zuwa ta uku, fulogi zuwa ta ɗaya, lambar da ta fito ita za ta raba gardama.

Waɗansu motocin koyil ɗaya ne ke ba silinda biyu wuta, ta ɗaya da ta huɗu tare, ta biyu da ta uku tare. In ka ga P0301 da P0304 sun fito a haɗe, ka fara tuhumar koyil ɗin da su ka yi tarayya a kansa. A yi hankali, kada a kama wayar fulogi da hannu inji yana aiki. Ƙarfin wutar ya kan wuce bolt 20,000.

In wuta ta kuɓuta sai a koma ga mai. Nozul shi ne ke fesa fetur a ko wace silinda. A ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, a kara kunne a ƙotar, inji yana silo. Mai lafiya za a ji yana ƙas-ƙas-ƙas ba fashi. Wanda ya yi shiru, ko dai ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi. A bi wayarsa da ido. Motar da ke ɗaukar hatsi, ta kuma kwana kusa da rumbu, ɓeraye su kan shiga ƙarƙashin bonet su gaigaye waya. Nozul ma ana musayarsa kamar koyil, amma wannan aikin bakanike ne, sabo da fetur ɗin da ke cikin bututun a matse ya ke.

In wuta da mai duka sun kuɓuta, saura matsi. Akwai ma'auni mai agogo da a ke ɗaurawa a ramin fulogi, a juya inji da kī. A auna dukan silindodin a rubuta. Abin lura shi ne kada su yi nisa da juna. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, akwai magana. Sai a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin a sāke aunawa. In ma'auni ya hau, ringi ne su ka cinye. In bai motsa ba, bawul ne ya ƙone ko ba ya rufuwa. In silinda biyu maƙwabtan juna su ka faɗi tare, gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone a tsakaninsu. A nan ne kaɗai ya halatta a yi zancen buɗe inji.

In ɗingishin yana yawo

P0300, ko lambobin silinda uku ko huɗu a lokaci guda, suna nuna laifin yana wurin abin da dukansu su ke ci tare. Da wuya koyil huɗu su mutu rana ɗaya. Tambayar farko ita ce, ina a ka sha mai na ƙarshe? Man jarka na bakin hanya, da na tankin da ruwan sama ya shiga, sun sha jawo wannan. A ɗebi kaɗan a farar kwalba a ajiye. In da ruwa, za a gan shi ya kwanta a ƙasa, fetur yana bisa.

Daga nan a duba matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye da ƙaiƙayin masussuka suna toshe ta da wuri. A duba filtar mai da famfon da ke cikin tanki, gama in sun gaji mai ba ya isa sa'ad da a ka taka totur. A duba tiyo-tiyon roba da ke bayan matatar iska. In ɗaya ya tsage, inji yana zuƙar iskar da ƙwaƙwalwa ba ta auna ba. Ita dai tana so ta haɗa awo 14.7 na iska da awo 1 na fetur bisa nauyi, ɓarauniyar iska kuwa sai ta ɓata lissafin. Sau da yawa za a ji tsaki kamar na maciji a wurin, a kuma ga P0171. In kwanan nan a ka canja belin taimin, a tabbata bai tsallake haƙori ba.

Lokacin da ɗingishin ke zuwa shi ma shaida ne. Wanda ke zuwa a kan tudu da kaya, ya ɓace a fili, galibi raunin wuta ne. Wanda ke zuwa a silo ya ɓace in an ba ta wuta, a nemi ɓarauniyar iska ko raunin matsi. Wanda ke zuwa da sassafe kaɗai tare da farin hayaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba, a tuhumi gaskit. Direba ya riƙe waɗannan ya gaya wa bakanike, ya rage masa rabin aiki.

Masu dizal

Motar dizal, watau man gas, da tarakta, ba su da fulogin tartsatsi, matsi kaɗai ke kunna man. Sabo da haka in sun yi ɗingishi sai a nemi nozul, ko ruwa da datti a filta, ko iska a bututun mai, ko raunin matsi. Gargaɗi ɗaya: a injin dizal na zamani kada kowa ya sassauta bututun nozul inji yana aiki, kada kuma a laluba yoyo da yatsa. Ƙarfin man ya isa ya huda fata ya shiga jiki.

Ga mai saye da mai riƙe da littafi

Share lamba ba gyara ba ne. Fitila za ta mutu yau, jibi ta dawo. Bayan an yi gyara na gaskiya a share, a yi tafiya da kaya yadda a ka saba, a sāke cusa na'ura a tabbata. Ɗan kasuwar da zai sayi mota ta hannu kuma, ya murɗa kī ba tare da ya tayar da inji ba. Lalle ne fitilar nan ta kama tare da sauran, sa'an nan ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne ko an rufe ta don a ɓoye wani abu.

In za a sayi fulogi a sayi mai lambar da littafin motar ya faɗa, a wurin wanda a ka amince da shi, gama jabu sun yi yawa, araha kuwa ba ta ado. Fulogi na gama-gari ya kan yi wajen kilomita 30,000, mai bakin iridiyam ya kan kai 100,000. Akawun ƙungiyar manoma ko na mai motoci ya buɗe wa ko wace mota shafi, ya riƙa rubuta rana, da kilomita, da lambar da ta fito, da abin da a ka canja. Ran da laifin ya dawo, littafin nan ne zai hana a sayi abu ɗaya sau biyu.

Wanda motarsa ta fara karkarwa a silo ya duba ta tun yau, tun buhuna ba su hau ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa albarka a abin da mu ka noma, ya kai mu kasuwa lafiya, ya komo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.